Kwalin Yaya da na sayar dubu biyar

'Yan uwa, wannan makon ƙorafi na kawo, kuma a kaina zan yi shi.

Shekarun baya wani baƙo ya zo rumfata a babbar kasuwar Garwa yana cigiyar tsofaffin faya-fayan garmaho. Akwai kwali guda na marigayi yayana a ɗakin ajiya, duk ƙura ta rufe shi. Ya miƙo sefa dubu biyar, na karɓe da sauri, har ina jin na ci riba a kan tarkace.

Kwanan nan ɗana ya kunna wani kiɗa a waya, nan take na ji ni a shagon Yaya ina ɗan yaro. Hamad Kalkaba ne, ɗan arewa mai nisa, wanda ya yi faifai uku kacal a 1974 da 1975 yana soja, tare da ƙungiyar Golden Sounds. Ya ɗauko kiɗan gandjal na mutanen Musgum ya ɗora a kan jita da ganguna irin na fank. Ashe wani kamfani a Jamus, Analog Africa, ya sake buga su a 2017, Turawa suna saye. Na rantse akwai su a cikin kwalin nan.

Yara kan tambaye ni, wai Baba mene ne fank ɗin? James Brown na Amurka ne ya kafa shi wajen 1965 zuwa 1967. Ya mai da kowane kayan kiɗa ganga: jita ganga, ƙaho ganga, har muryarsa, kuma nauyin duka yana sauka a bugun farko. Wanda ya tashi da kalangu a kunne ba ya bukatar tafinta. Shi ya sa bai tsufa ba. Sa shi a biki yau, ka ga dattijo yana kaɗa ƙafa a ƙarƙashin babbar riga.

Mu ma Kamaru mun ba su. Manu Dibango ya yi Soul Makossa a 1972, a bayan faifan gasar cin kofin Afirka da aka buga a ƙasar nan, wato ma ba ita ce babbar waƙar ba. A 1973 sai ga ta ta mamaye rediyon New York. Michael Jackson ya ɗebi amshinta a 1982, daga baya aka sasanta da kuɗi. André-Marie Tala, makahon mawaƙin nan, shi kuwa James Brown da kansa ya kai ƙara kan waƙarsa Hot Koki, ya kuma yi nasara.

To ku duba ɗakunanku, musamman masu faifan Ali Baba namu na Garwa. Zafin watan Afrilu yana lanƙwasa faifai, a jingine su tsaye a inuwa, kada a jibge su. In mai saye ya zo, ku sa yaro ya duba sunan a intanet kafin ku ce "na sallama".

Ni dai yanzu a wayar ɗana nake jin Kalkaba, shi ma sai ya ga dama ya ba ni aro.