A Ja Na'ura a Kwamfuta Kafin a Ja Ta a Teku

Sanin kowa ne cewa mai jan raƙumi da gajeriyar akala yana ganin duk inda dabbarsa ta sa ƙafa. Matuƙin jirgin ruwan da ke jan na'urar binciken ƙarƙashin teku ba shi da wannan gata, domin tasa akalar igiyar ƙarfe ce mai tsawon kilomitoci, abin da yake ja kuma yana can cikin duhu. Da irin wannan na'ura mai suna Argo aka gano gawar jirgin Titanic a shekarar 1985, a zurfin kimanin mita 3,800.

Wahalar aikin ita ce na'urar ba ta bin jirgi sau da ƙafa. Idan jirgi ya ƙara gudu, ruwa ya tokare igiyar, sai na'urar ta taso. Idan ya sassauta ko ya karya kwana, sai ta nutse, kuma ba nan take ba, sai bayan wani lokaci. Saboda haka masana suke kwaikwayon tafiyar a kwamfuta tukuna. Sukan ɗauki igiyar tamkar carbi, watau su kasa ta ƙwaya-ƙwaya, su lissafa nauyin kowace ƙwaya da turjiyar ruwa a kanta da yadda maƙwabciyarta ke fizgarta, har siffar igiyar duka ta bayyana.

Akwai masu ganin cewa wannan lissafin zaune ne kawai, wai teku ba ta san allo ba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, don kuwa kwamfuta ba ta sanin igiyar ruwan da ba a gaya mata ba. Amma su dubi abin da ya auku a watan Janairu na 2016, wajen neman jirgin saman Malesiya MH370 a kudancin Tekun Indiya: na'urar da jirgin Fugro Discovery ke ja ta yi karo da wani tsauni mai tsawon mita 2,200 a ƙarƙashin ruwa, ta tsinke tare da igiya mita 4,500, sai daga baya aka tsamo ta. Kwaikwayo ba zai kawar da tsauni daga hanya ba. Amfaninsa shi ne ya sanar da matuƙi tun yana tudu mita nawa na'urarsa za ta nutse in ya juya, da kuma minti nawa zai ɗauka yana naɗe igiya kafin ta haye tsaunin.