Ra'ayinmu: Inda Haƙƙin Kare Kai Ya Tsaya

Ba baƙon abu ba ne a ji wani uba ya faɗo harabar makaranta a fusace, ko yayan wani ɗalibi ya taho da abokansa riƙe da sanduna, saboda an tsawata wa yaro. Duk sa'ad da haka ta faru, abin da ake ji a ofishin malamai shi ne, "Da ni ne, wallahi sai na rama." Mun san zafin da ke haifar da wannan furuci. Sai dai doka ta yarda da kare kai, ba ta yarda da ramuwa ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu wani lokaci ba ta wuce ƙiftawar ido.

Haƙƙin kansa tabbatacce ne. Dokar Penal Code, wadda Arewa ke aiki da ita tun 1960, ta nuna a sashe na 59 da na 60 cewa ba laifi ba ne mutum ya kare jikinsa, ko jikin waninsa, ko dukiya. Ke nan malamin da ya tare mai neman dukan ɗalibinsa, doka na bayansa. Wasu jihohi, irin su Kaduna a 2017, sun sabunta dokar, don haka lambobin sassan na iya bambanta.

Amma dokar ta ɗaure wannan haƙƙi da sharuɗɗa. Sashe na 62 ya hana yi wa maharin lahanin da ya zarce abin da kariyar ke bukata. Sashe na 63 kuwa ya ɗauke haƙƙin baki ɗaya matuƙar akwai sararin neman agajin hukuma. Kai wa ga kisa bai halatta ba sai a tsukakken yanayi, kamar inda mutum ke da dalilin tsoron za a kashe shi ko a yi masa mummunan rauni, ko fyaɗe, ko sace mutum. Ko Kundin Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 33, ƙarfin da ya zama tilas kaɗai ya amince da shi.

Wanda ke ganin wannan zancen lauyoyi ne kawai, ya dubi shari'ar Sunday Jackson, manomin nan na jihar Adamawa. Ya shaida wa kotu cewa an far masa da wuƙa a gonarsa, aka ji masa rauni, ya ƙwace wuƙar ya soki maharin, ya mutu. Babbar Kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a watan Maris na 2025, ko da yake ɗaya daga cikin alƙalan ta saɓa wa sauran. Hujjar ita ce, da wuƙar ta dawo hannunsa yana da damar gudu. Jama'a da dama sun ga tsauri a wannan hukunci, mu ma haka muka gani, domin wanda jini ke zuba a jikinsa ba ya da sukunin auna komai da sikeli. Duk da haka, da wannan ma'auni za a auna kowane malami da ya tsinci kansa gaban alƙali: yaushe hatsarin ya kau, kuma me ka aikata bayan nan?

Saboda haka mari ba ya halatta gora a ka. Wanda ya juya zai fita, bin sa ba kare kai ba ne. Ɓarawon da aka kama yana ɓamɓare kwanon aji, da zarar ya shiga hannu sai a miƙa shi ga 'yan sanda; dukan kawo wuƙa da akan yi masa laifi ne mai zaman kansa, kuma ya kamata masu gadinmu su ji wannan daga bakin shugabannin makarantu. Batun yaro ɗan shekara goma da ya yi rashin kunya kuwa, babu mai iya kawo hujjar kare kai a kansa.

Muna da magana da gwamnati ma. Dokar da ta ce a nemi agajin hukuma ta ɗauka hukumar na kusa. Malamin ƙauyen da makarantarsa ba katanga, ba mai gadi, ofishin 'yan sanda kuma sai an yi tafiyar sa'a guda a babur, wa zai kira?

Kafin a amsa mana wannan, muna roƙon shugabannin reshe su gayyato lauya ya yi wa mambobi bayani a taro na gaba. Duk wanda aka taɓa kuma, ya je asibiti ya karɓi takarda, ya rubuta rahoto ga hedimasta da Sakataren Ilimi a ranar, tare da sunayen shaidu, sa'an nan ya aiko wa ofishin ƙungiya da kwafi.