Lafiya Uwar Jiki: Kwanciyar wanda aka sauya wa gaɓar ƙugu



A bazarar da ta wuce wani dattijo cikin abokan mahaifinmu, wanda muka buɗe ido muka gani a sahun gaba, ya zame a wurin alwala, wuyan ƙashin cinyarsa ta hagu ya karye. Ƴaƴansa suka sayar da shanu da gona guda, aka kai shi babban asibiti, aka cire kan ƙashin da ya karye aka sa masa na ƙarfe. Aiki ya yi kyau, kwana uku yana takawa da sandunan dogarawa. Da aka sallamo shi, a dare na uku zafi ya hana shi zaman ɗaki, ya sa jikoki suka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, suka riƙe shi ya sauka. Ya kwanta a gefen dama kamar yadda ya saba shekara sittin, hannu ƙarƙashin kunci, gwiwoyi a naɗe. Kafin kiran assalatu aka ji ƙararsa. Ƙafar hagu ta gajarce, ta karkata ciki, ba ta taɓuwa. Sai da aka koma asibiti aka sa shi barci aka mayar da gaɓar mazauninta.

Babu wanda ya yi ganganci a gidan nan. An kiyaye magani, an kiyaye ciwon, an kiyaye abinci. Dare ne kawai ba a yi wa tanadi ba, alhali kuwa mai barci ba ya tsaron ƙafarsa.

Gaɓar ƙugu ƙwallo ce cikin gurbi: kan ƙashin cinya a dunƙule yake, yana juyawa cikin wani rami na ƙashin kwankwaso, jijiyoyi da tsoka sun ɗaure shi. Tun da likitan nan na Ingila, John Charnley, ya daidaita wannan aiki a shekarar 1962, miliyoyin mutane suka miƙe bayan sun fid da rai da tafiya. A ƙasashenmu ba tsofaffi kaɗai ake yi wa ba. Har da matasa masu amosanin jini, wato sikila, waɗanda jini ke yanke wa kan ƙashin cinya har ya mutu. To amma kafin likita ya isa gaɓar sai ya keta naman da ke riƙe ta, naman nan kuwa ba ya komawa da ƙarfinsa sai bayan mako 6 zuwa 12. A cikin wannan tsakani ne ƙwallon ya fi saurin gocewa.

Tambaya ta farko da iyali za su yi kafin su bar asibiti ita ce: ta ina aka shiga? Idan ta baya ne, abu uku ake yawan hanawa. Kada gwiwa ta ɗaga sama da ƙugu, kada a harɗe ƙafafu, kada a karkata ƙafar ciki. Wanda ya duba kwanciyar dattijon nan zai ga ta tara ukun a lokaci ɗaya. Idan ta gaba aka shiga, abin gudu shi ne miƙa ƙafar can baya ko wantsala ta waje. Wasu likitocin a yau sun sassauta waɗannan sharuɗɗa ga wasu marasa lafiya, saboda haka maganar wanda ya yi aikin ita ce gaba da tamu, kuma gaba da ta maƙwabcin da aka yi wa irinsa a wata ƙasa. A roƙe shi ya rubuta a takarda, a sa yaron gida mai karatun Faransanci ya fassara wa mai jinya, don ita ce ke kwana a ɗakin, ba mu masu zuwa dubiya da rana ba.

Kwanciyar da ta fi aminci a makonnin farko ita ce rigingine, da matashi mai kauri tsakanin ƙafafu, yatsu suna kallon sama. Kada a cusa matashi ƙarƙashin gwiwa dare bayan dare, don gaɓar tana sabawa da lanƙwasa ta ƙi miƙewa. Idan diddige ya soma ja ko zafi saboda dannuwa, a sa zane mai laushi ƙarƙashin sha-raɓa ya ɗage shi daga katifa. Mun sani rigingine tana gundura, bayan mutum ya yi tsami, mai minshari ya ƙara. Shan maganin ciwo da likita ya rubuta kamar rabin sa'a kafin kwanciya yana taimakawa ƙwarai. Rub da ciki kuwa a bar shi sai an ba da izini.

Sai batun gefen dama, wanda a kansa ne aka fi tsayar da mu a ƙofar masallaci. Kwanciya a dama sunna ce tabbatacciya, ta zo a hadisin Bara'u ɗan Azib, Allah Ya yarda da shi, kuma ba ma ganin laifin dattijon da ya ji nauyin barinta. Amma mu lura da abu biyu. Wanda aka yi wa aiki a dama, in ya kwanta a dama ya danne ciwon, galibi ana jinkirta masa har ya warke. Wanda aka yi wa a hagu, dama ce gefensa mai lafiya, sai dai a nan tarkon yake: ƙafar da aka yi wa aiki ita ce a sama, da barci ya yi nauyi sai ta zamo ta faɗa gaba, ta ƙetare ƴar'uwarta, gwiwa ta karkata ciki. Maganin wannan matashi biyu ne masu tauri, daga cinya har idon sawu, a sa su tun kafin a juya, a juya jiki gaba ɗaya kamar gungume, kafaɗa da ƙugu da ƙafa tare, wani matashin kuma a tokare baya. Idan likita ya yarda da haka, an haɗa sunna da lafiya. Idan ya ce a dakata, a dakata. Sunna ba ta wajabta cutar da jiki ba. Ɗalibin da ya karanta Ahalari ya san ko a sallar farilla an jera wa maras lafiya matakai, daga tsayuwa zuwa zama zuwa kwanciya, har da rigingine yana ishara, ƙafafunsa wajen alƙibla. Abin da aka sauƙaƙa a salla ba za a tsananta shi a barci ba.

Tabarma da katifar ƙasa, duk da daɗinsu a lokacin zafi, a jingine su. Sauka ƙasa da tashi daga ƙasa ba sa yiwuwa sai an naɗe ƙugu fiye da kima. Gado ake so mai tauri, wanda in mutum ya zauna a bakinsa ƙugunsa ya ɗara gwiwarsa tsawo, tafin ƙafa kuma a ƙasa. In gadon gajere ne, a ɗora ƙafafunsa kan bulo masu faɗi, a gwada kada ya yi rawa. In zafi ya matsa, a fitar da gadon tsakar gida, samari huɗu sun isa. Gidan sauro, mai jinya ce za ta soke shi, haka bargon da ya zame wajen ƙafafu, don miƙa hannu can ƙasa daga zaune shi ma naɗe ƙugu ne. A ajiye tocila da buta da abin fitsari inda hannu ke kai. Tsugunno a salga haramun ne na likita. Kafinta zai iya huda kujera mai tsawo a ɗora.

Doguwar kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Shi ya sa ake ba da allura ko ƙwayar tsinka jini, sau da yawa har mako 4 ko 5, kuma ma'aikacin motsa gaɓoɓi, wanda muke kira kine, yake cewa a riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa duk sanda aka farka. Idan sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe, ko ƙirji ya soke, ba a jiran gari ya waye. Haka idan aka ji ciwo mai tsanani farat ɗaya, ƙafa ta gajarce ko ta murɗe: kada a ja, kada a murza, kada a kira maɗori. Muna girmama maɗoranmu, sun ɗora karaya da yawa a garin nan, amma ƙarfe da roba ba su cikin abin da suka gada. A ɗauki maras lafiya a yadda yake, a hana shi ci da sha saboda maganin barcin da za a ba shi, a nufi asibiti.

Dattijon namu ya ƙara mako shida a rigingine, yana mita, tsohuwarsa na tsaron matashi kamar mai gadin rumbu. A Juma'ar da ta gabata mun gan shi a ƙarshen sahun farko, kan kujera mai tsawo da ƴaƴansa suka kawo, sandarsa jingine da bango.