Halittun Daji: Damisa da Ɗan'uwanta na Amurka

A wannan wata za mu yi zancen damisa, wadda Hausawa ke yi wa kirari da ƙi sabo.

Kirarin nan gaskiya ne. Zaki yana zama cikin garke, amma damisa ita kaɗai take yawo, yawanci da dare. Ba ta bin nama da dogon gudu. Sanɗa take yi har ta matso, sa'an nan ta daka tsalle. In ta kama gada ko barewa, takan hau bishiya da ita domin kada kura ta ƙwace. Cikinta wata uku ne da 'yan kwanaki, ta haifi 'ya'ya biyu ko uku a kogon dutse ko cikin sarƙaƙiya. Suna bin uwar fiye da shekara guda kafin su iya farauta.

Tana da wani ɗan'uwa a ƙetaren teku, ana ce masa fuma, ko zakin dutse. Ƙasarsa ta miƙe tun daga Kanada har kudancin Cile. Jikinsa kalar yashi ne, ba zane, sai dai 'ya'yansa ana haifarsu da ɗige-ɗige, su ɓace in sun girma. Ba ya ruri kamar zaki. Halinsa kuwa na damisa ne sak.

Labarinsa abin lura ne gare mu. A gabashin Amurka an sare daji, an karkashe bareyin da yake ci, an biya mafarauta lada a kan kansa, har ya ƙare, sai ɗan kaɗan a Fulorida. A 2018 hukuma ta soke sunan na gabas daga jerin dabbobin da ake tsaro, gama babu saura. Amma a yamma, inda duwatsu da daji suka rage, yana nan. Jihar Kalifoniya ta hana farautarsa don nishaɗi a 1990.

To, mu fa? Yaron da ya tashi a Panshekara ya san ƙarar injin Challawa da Sharada, amma damisa sai a hoto. Dajin Falgore da ke kudancin Kano da na Yankari a Bauchi suna cikin 'yan manyan dazuzzukan da suka rage mana. Wani bincike na 2016 ya nuna damisa ta rasa fiye da rabin ƙasar da take yawo a dā, Afirka ta Yamma kuwa tana cikin inda abin ya fi muni. Abin da ya kori fuma shi ne ke korarta: saran itace, ƙarewar namun daji, da tarko.

Akwai kuma fatarta. Da yawa cikinmu muna cin abinci a kamfanonin jima, aikin fatar akuya da tunkiya kuwa sana'a ce ta mutunci. Ta damisa dabam ce. Tun 1975 yarjejeniyar ƙasashen duniya ta hana fataucinta daga ƙasa zuwa ƙasa. In an kawo muku tallarta, ko guntu ne, kada ku saya. Ran da aka rasa mai saye, mai tarko zai nemi wata sana'a.

Yara, ga aikin gida: ku tambayi kakanninku inda suka taɓa jin kukan damisa, ku rubuta sunan wurin. Sai wata mai zuwa.