Allurar Rigakafi Ba Ta Yara Kaɗai Ba Ce

Kowa a Dogon Daji da sauran ƙasar Tambuwal da Kebbe ya san irin majinyacin nan: ƙafafu sun kumbura, numfashi ba ya isa, ba ya iya kwanciya sai a jingine. Wannan shi likitoci ke kira gazawar zuciya. Ba tsofaffi kaɗai take kamawa ba. Wani bincike da aka buga a 2007 daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, ya sami mace ɗaya cikin kowace haihuwa 102 da ciwon zuciyar da ke biyo bayan haihuwa.

To, mai irin wannan zuciya, murar da za ta kwantar da lafiyayye kwana uku, shi tana iya kai shi kushewa. Zazzaɓi yana sa zuciya ta ƙara gudu, ciwo ya sauka a huhun da dama ruwa ya taru a ciki, zuciyar da ke ɗingishi kuma a ce ta yi sukuwa. Kafin a tara kuɗin mota zuwa Sakkwato, sau da yawa aiki ya riga ya ɓaci.

An gwada abin a ƙasashe 10, har da Nijeriya, kan masu gazawar zuciya 5,129, aka bayyana sakamako a 2022. Rabinsu aka yi musu allurar mura mai tsanani. Cikin waɗanda aka yi wa, ciwon huhu ya ragu da kashi 42 bisa 100, kwanciya asibiti ta ragu da kashi 16. Gaskiya ne, idan aka haɗa lissafin shekara duka, ragin mace-mace bai fito fili ba, sai a watannin da mura ke yawo. Amma ragin kwanciya asibiti kaɗai ba ƙaramin abu ba ne ga manomin da kan sayar da damen gero don jinya.

Tun 2014 aka fara yi wa jarirai allurar ciwon huhu a ƙasar nan, madalla. Manya fa? Su ba a yi musu irin wannan tanadi ba, mu kuwa muna ganin wannan giɓi ne.

Malaman makaranta da akawuna, ku jama'a ke kawo wa takardar asibiti ku karanta. In kun ga an rubuta ciwon zuciya, ku ce wa mai ita ya tambayi likita zancen allura tun hunturu bai kama ba. Hukumar lafiya ta Jihar Sakkwato kuwa, muna roƙo ta sa a rubuta sunayen waɗannan majinyata a kowace ɗakin shan magani, ta kai musu allurar har Dogon Daji.