Ba ɗan ruwa ba ne, ɗanmu ne

Ɗan yayata shekararsa shida, bai taɓa zama da kansa ba. A gida aka haife shi, a wani ƙauyen Dungas, bayan naƙudar kwana biyu, ya faɗo bai yi kuka ba. Yau wuyansa ba ya tsayawa, hannuwansa a dunƙule, ƙafafunsa a harɗe kamar almakashi. Da kunnena na ji wata tsohuwa tana ce wa yayata: "Ƴar nan, wannan ɗan ruwa ne, a kai shi bakin tabki ya koma wa iyayensa." Wallahi har yau maganar tana ci mini rai.

Jama'a, mu daina wannan ƙarya. Yaron nan ƙwaƙwalwarsa ce ta samu rauni tun yana jariri, shi ya sa gaɓoɓinsa ba sa bin umarninta. Doguwar naƙuda na kawo haka, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani na kawowa, haka sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro in ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukar ciwon, ba shan inna ba ne, kuma da yawansu suna fahimtar duk abin da ake faɗa a kansu. Ku auna wannan.

Ga yinin yayata. Kunu ɗaya sai ya ci mata kusan awa guda. Dole ta zaunar da shi, kansa ya ɗan sunkuyo, kunun ya yi kauri, cokali kaɗan-kaɗan. In aka kwantar da shi aka yi masa ɗura, abincin na iya bi ta hanyar numfashi ya jawo ciwon huhu. Tana juya masa kwanciya don kada fata ta gyambace, tana miƙe masa gaɓoɓi a hankali safe da yamma don kada su ƙage. In farfaɗiya ta taso, a kwantar da shi ta gefe, ba a cusa cokali a baki. Wa ya koya mata? Ba kowa, sai da na yi tambaya na kawo mata. Ga daka, ga rijiya, ga gona, da goyon ɗan shekara shida a baya. Mijinta kuwa yana ci-rani.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, mun iya ceton rai amma ba mu iya riƙon wanda aka ceto ba. Tun 2005 ƙungiyar MSF ke jinyar yara a Magarya, dubbai sun tsira, Allah Ya saka. To yaron da ya tashi daga zazzaɓi da raunin ƙwaƙwalwa, in ya koma Waca ko Gushi ko Dogo-Dogo, wa ke binsa? Nijar ta sa hannu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, an yi doka a kansu a 2019. Kyautar maganin yara da aka fara a 2006 tana ƙarewa ne a shekara biyar, lalurar kuwa ba ta san shekara biyar ba. A ce uwa ta kai yaro gashin gaɓoɓi Damagaram, kusan kilomita 90 daga Magarya, kowane mako, da wane kuɗin mota? Takarda a Yamai ba ta taɓa ɗaga wuyan yaro a Malawa ba.

Wani zai ce talauci ne, masu lafiyar ma ba a gama da su ba. To abin da muke nema ba ya cin miliyoyi. A koya wa ma'aikatan likitocin ƙauye da masu bi gida-gida yadda ake ciyarwa da zaunarwa da miƙe gaɓoɓi, su koya wa iyaye. Magadan gari su ƙidaya yaran nan, su ware musu kaso a kasafin kuɗi. Kafintocin kasuwa su ƙera kujeru masu tallafe baya da kai. Limamai su faɗa a huɗuba cewa ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki zalunci ne.

Mu kuma maza, ɗaukar ɗanka ba abin kunya ba ne. Ranar 6 ga Oktoba duniya ke tunawa da masu wannan lalura. Kada mu jira ta. Yau ka shiga gidan da ka san akwai irin yaron nan, ka kira shi da sunansa, ka karɓi cokalin nan uwarsa ta ɗan huta.