A SA WA MOTOCIN FATAUCI SOLA, AMMA A YI LISSAFI TUKUNA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili domin in yi magana da 'yan'uwana fatake da direbobi masu doguwar tafiya, musamman irinmu waɗanda motarsu ita ce shagonsu, ita ce kuma ɗakin kwanansu.

Ni manomi ne a ƙasar Daura. Idan kaka ta wuce an kai amfani gida, mu biyar ne muke haɗa ɗan abin da ya samu, mu shiga tsohuwar bas ƙirar Hiace ta wani baffana, shi ne direba, ya zama mu shida ke nan. Mukan ɗauki atamfa da takalman roba da kwanuka da sauran kayan koli, mu bi ta Kwangwalam zuwa Matamaye, mu wuce Damagaram da Tanut har Agadas, mu dawo da dabino da kanwa. Daga Damagaram zuwa Agadas kaɗai ya haura kilomita 400, kuma tafiyar takan ci mana sati uku, wani lokaci wata guda. An cire kujerun baya an shimfiɗa katako da tabarma, a nan muke kwana.

Kwana cikin mota ba mu muka fara shi a wannan hanya ba. Ina ɗan firamare, wajen 1988, mukan ruga bakin titi mu ga Turawa 'yan yawon buɗe ido da suka ratso Sahara ta Tamanrasset da Arlit da Agadas za su Kano, motocinsu da gado da wurin girki a ciki. Rashin zaman lafiya a shekarun 1990 ya sa ƙafarsu ta ɗauke daga nan. Masu irin wannan tafiya a yanzu sun fi bin bakin teku ta Maroko da Muritaniya da Senegal, kuma da wuya ka ga motarsu ba farantin sola a kan rufi. To, Malam Edita, mutanen da suka fito daga ƙasar sanyi da gajimare sun san amfanin rana, mu kuwa da take dafa mana kai tun daga hantsi har la'asar muna ta ƙona fetur don mu caja waya. Wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki biro.

Bari in faɗi yadda aka yi idona ya buɗe. Wani dare tsakanin Tanut da Agadas muka sauka daga titi muka kwana. Zafi ya hana barci, sai muka jona fanka da ƙwan fitila da wayoyinmu shida duk a jikin batirin mota. Da asuba baffa ya murɗa makulli, sai ƙyas-ƙyas, shi ke nan. Mota cike da kaya, ƙafafunta cikin rairayi, wa zai tura? Muka zauna har bayan azahar, ruwan jarka yana ja baya, kowa ya yi shiru, kafin wata babbar mota ta tsaya aka yi mana jona muka tashi. Ran nan na gane batirin tada mota ba a yi shi don a tatse shi dare guda ba. Aikinsa ya ba da ƙarfi mai yawa na ɗan lokaci, injin ya kama, a mayar masa da abin da ya fitar.

Da muka dawo na yi gaggawa, gaggawa kuwa aikin banza. Na shiga wani shago a birni na sayi farantin sola, wanda masu sayarwa ke kira fanel, an rubuta masa wat 200 a baya, alhali girmansa bai wuce tiren shayi ba. Na jona shi kai tsaye da wani batir, ba kwantirola a tsakani, wai don in rage kashe kuɗi. Cikin wata biyu batirin ya ƙone ruwansa ya kumbura. Sai da wani dattijon rewaya ya zaunar da ni ya yi mini karatu, kuma abin da ya koya mini, da abin da na gwada da hannuna daga baya, shi nake so in raba wa jama'a.

Abu na farko shi ne lissafi, tun kafin ka je kasuwa. Kowane kayan wuta yana da wat ɗinsa a rubuce a jiki. Ka ninka wat ɗin da yawan awoyin da zai yi yana aiki, shi ne cinsa na rana. Ga namu. Waya ɗaya takan ci wajen 20 kafin ta cika, shida sun ci 120. Ƙwan fitila biyu masu wat 5, awa biyar kowanne, 50 ke nan. Fanka mai wat 20 ta kwana tana juyi awa takwas, 160. Rediyo da tocila a ba su 20. An tashi 350. Shi kuma faranti mai wat 100 na gaskiya, a ƙasarmu ana yi masa lissafin awa biyar na rana mai ƙarfi, watau 500, amma zafi da ƙura da asarar cikin waya sukan cinye wajen kashi ɗaya cikin huɗu, sai a bar ka da ƙasa da 400. Ka ga ya ishe mu, amma da ƙyar, ranar hazo kuwa sai a shiga bashi. Shi ya sa muka sayi mai wat 200 muka huta.

Yaya za ka gane na gaskiya? Ka tafi da tef ɗin awo na tela. Faranti na zamani, in faɗinsa mita ɗaya ne tsawonsa mita ɗaya, abin da zai bayar bai wuce wajen wat 200 ba, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin ranar da ta sauka a kansa yake iya mayarwa lantarki. Mai wat 100 kuwa tsawonsa wajen mita ɗaya, faɗinsa wajen rabin mita. Duk wanda ya miƙo maka ƙarami kamar faifai ya ce 200 ne, ka gaishe shi ka wuce, ko da ya rantse.

Sai batir, wanda shi ne rumbun. Dole ya zama na biyu, daban da na tada mota, kuma irin wanda aka yi don sola. Mai amfiya 100 a kan bolt 12 yana ɗauke da 1,200, amma idan na darma ne, irin mai ruwa ko mai rufaffen baki, rabi kaɗai ne naka, watau 600. Idan kana kwashe shi ƙarƙaf kullum, ba zai daɗe ba. Kamar rumbu ne da ba a taɓa iri. Akwai na litiyom, wanda ake iya cin kashi 80 cikin 100 nasa ko fiye, nauyinsa bai kai rabin na darma ba, kuma ya fi shi daɗewa nesa ba kusa ba, sai dai kuɗinsa sai mai ƙarfi. Mu dai na darma muke da shi. Mun ɗaure shi tam cikin akwatin katako mai huji, domin idan yana caji yakan fitar da iska mai kama wuta, bai kamata a rufe shi ruf a inda mutane ke kwana ba, balle a kunna ashana kusa da shi.

Tsakanin faranti da batir sai kwantirola, ita ce mai gadin da ke hana batir ƙoshi ya wuce kima, abin da ya kashe nawa na farko. Iri biyu ce, PWM mai araha da MPPT mai tsada wadda ta fi iya tatso wuta daga faranti. Ga ƙaramin aiki irin namu mai arahar ma ta wadatar, muddin faranti na bolt 12 ne. A fara jona ta da batir, sa'an nan faranti ya biyo baya. Kuma don Allah a sa fis kusa da kan batir, a yi amfani da waya mai kauri. Wasu suna cewa ai bolt 12 ba ya jan mutum. Gaskiya ne ba ya ja, amma idan wayar ta gogu da ƙarfen mota ta haɗu, nan take za ta yi ja wur ta kama. Ka tuna me ke cikin motar: atamfa, roba, jarkar fetur, da mutane shida suna barci. Fis ɗin da bai kai kuɗin kwanon tuwo ba shi ne tsakaninka da wannan.

Na san abin da wasu direbobi za su ce, don an faɗa mini a tasha. Na ɗaya, ai injin yana caji, me za a yi da sola? Wannan magana tana da gaskiya a cikinta. Wanda yake zuwa Kano daga Daura ya dawo a yini, kada ya ɓata kuɗinsa. Ko mai doguwar tafiya, muddin mota tana gudu kullum, batir na biyu da rewaya ya haɗa masa rile, yana shan caji idan injin na aiki yana rabuwa idan an kashe, zai ɗauke shi. Amma fatauci rabinsa zama ne. Kwana huɗu kana jiran kasuwa ta ci, kwana uku kana jiran mai dabino, kwana biyu makanike ya tafi neman kayan gyara. Da aka rufe iyaka a watan Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, motoci nawa suka yi makonni a tsaye a bakin iyaka? A irin wannan zama, barin injin yana aiki a tsaye yakan sha kusan lita guda a awa. Kafin 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi, lita ba ta kai Naira 200 ba. A watan Oktoba 2024 ta haura Naira 1,000. Kowa ya yi wa kansa lissafi. Waya kuwa, tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ta zama aljihun ɗan kasuwa. Idan ta mutu, ba taransifa, ba jin farashi, ba jin lafiyar iyali.

Na biyu, wai janareta ƙarami ya fi sauƙi. Shi ma fetur yake sha, ga ƙara, ga kuma hayaƙinsa da ke kashe mutum cikin barci ba tare da ya farka ba. Ba na son sa kusa da inda nake kwana ko kyauta ne.

Na uku shi ne mai wuya, kuma a kansa muka yi doguwar gardama da baffa: rufin mota wurin kaya ne. Duk inda faranti ya zauna, dila guda ta rasa wuri, kuma dila kuɗi ce. Daɗin daɗawa, faranti ba ya son inuwa ko kaɗan. Idan buhu ko igiya ko tamfol ya rufe masa kusurwa ɗaya, ba wutar kusurwar kaɗai za ka rasa ba, ƙarfinsa gaba ɗaya ne zai faɗi, domin 'yan gidajen da ke cikinsa a jere suke kamar raƙuman ayari, idan ɗaya ya durƙusa sauran sun tsaya. Ga wani abin kuma, direba da ya tsaya inuwar bishiya yake nema, faranti kuwa rana yake so. Abin da muka yi, ba mu kafe namu ba. Maƙeri ya yi mana firam a gaban kariya, saman kan direba, inda dama ba a ɗora kaya mai nauyi, da makulli saboda masu ɗauke-ɗauke. Idan muna gudu yana nan yana aiki. Idan mun sauka sai mu zare shi, mota ta shiga inuwa, shi kuma mu jingine shi a rana da waya mai kauri mita biyar. An bar masa tazarar yatsu uku a ƙasa don iska ta riƙa ratsawa, saboda yawan zafi rage masa ƙarfi yake yi, ba ƙarawa ba, abin da mutane da yawa ba su yarda da shi ba sai sun gani a mita. Duk safiya a share shi da tsumma mai laushi, lokacin hazo har sau biyu. Duk inda aka tsaya kuma a taɓa notuna, domin gargadar hanyar Agadas tana kwance abin da maƙeri ya rantse ba zai kwance ba. Wanda ya huda rufi ya toshe hujin da kyau tun kafin damina.

Wani cikinmu ya so a sayi firji. Na ƙi. Ƙaramin firjin mota a zafinmu yakan ci wajen 500 a rana, ya fi duk sauran kayanmu a haɗe, sai an ninka faranti an ninka batir. Wanda yake tafiya da maganin da ba ya son zafi, kamar allurar masu ciwon suga, wannan lalura ce, ya saya. Amma don ruwan sanyi kawai? Salka tana nan, jarka da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu aka rataya a iska tana nan, ba su cin ko wat ɗaya. Dutsen guga da hita kuwa, masu wat 1,000, a bar su a gida. Inbata ma ba mu saya ba, tunda ita kanta tana cin nata kason kafin ta ba ka. Fankarmu da fitilunmu da cajar waya duk na bolt 12 ne.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa a tashoshinmu, su nemo rewaya wanda ya san wannan aiki ya riƙa yi wa membobi bayani, ko da ranar kasuwa ce bayan la'asar, kuma a riƙa haɗa kuɗi ana sayen kayan a tare daga hannun wanda zai yarda a gwada da mita a rana kafin a biya. Ina kuma roƙon hukumomin da ke kula da ingancin kaya su leƙa shagunan sola su auna abin da aka rubuta a bayan farantan nan, domin talaka ne yake sayar da buhun gero ya saya.



Naku,
Wani manomi ɗan tireda,
Daura, Jihar Katsina.